Kajiji da aya-aya: yadda ake zaɓa, a gyara, a yi magani da su a gida

Da zarar hunturu ya kama a Jos, daga ƙarshen Nuwamba har cikin Janairu, mura da tari da kumburin ciki suke yawa a gidaje, kuma a lokacin ne za ka ji tsofaffi suna cewa a nemo kajiji. Yawancin matan yanzu a turaren wuta da humra kawai suka san shi, amma iyayenmu sun ajiye shi ne a matsayin magani da ƙamshi a lokaci ɗaya, shi ya sa da wuya ka buɗe adakar tsohuwa ba ka samu ɗan ƙullinsa a tsumma ba. Abin da ke damuna shi ne yadda yanzu ake yawo da shi a WhatsApp da TikTok ana cewa yana maganin kowace cuta, ba ma'auni, ba a faɗi wanda bai kamata ya sha ba, ba a ma faɗi wanne ake nufi a cikin dangin ba. Kajiji yana da amfani na gaske wallahi, amma a kan ƙananan larurori ne, kuma sai ka san wanne ka riƙe, ka tsaftace shi, ka auna, sannan ka san inda aikinsa ya tsaya. To bari mu bi abin daki-daki.

Mataki na farko, ka san wanne ne a hannunka

Su uku ne ake yawan rikitawa domin duk gida ɗaya suka fito, masana tsirrai suna kiran gidan Cyperus. Akwai kajiji, akwai aya-aya, akwai kuma aya da muke ci muke yin kunu da ita.

Kajiji, wanda masana tsirrai suke kira Cyperus articulatus, a bakin ruwa yake fitowa, fadama da gefen tafki da inda ruwa ke kwanciya. Karansa dogo ne zagayayye, yana iya wuce tsayin ƙugun mutum har ya kai kafaɗa, kusan ba shi da ganye, in ka shafa karan musamman bayan ya bushe za ka ji gaɓa-gaɓa a jere. Saiwar ita ce abin nema, tana tafiya a kwance a ƙarƙashin ƙasa da ƙullutai, bayanta ja-ja mai duhu, in ka fasa cikinta ya fi haske kuma ƙamshi ya buge ka nan take. A kasuwa sunan kajiji yana haɗa 'yan uwansa na kusa guda biyu ko uku masu ƙamshi, shi ya sa za ka ga wani ƙanana ne wani manya, wani ya fi wani baƙi.

Aya-aya kuwa, Cyperus rotundus, duk wanda ya taɓa noman lambu a Farin Gada ko bakin rafin Dilimi ya san ta, ciyawar nan ce gajera mai siririn ganye mai sheƙi wadda in ka nome ta yau jibi ta dawo. In ka murza karanta a tsakanin yatsu za ka ji kusurwa uku ne, furenta ja ne mai duhu, 'ya'yanta na ƙasa baƙaƙe ne masu tauri da gashi-gashi a jiki, a jere suke a kan siririn zare ɗaya yana riƙe da ɗaya, ga ɗaci ga ƙamshi. Tun 1977 masana ciyayi suka sa ta a lamba ɗaya cikin ciyayi mafi muni a duniya, tana damun gonaki a ƙasashe sama da 90, amma kuma ita ɗin ce dai masu maganin gargajiya a Indiya suke kira musta, a Sin suke kira shiyang-fu, Larabawa su ce su'ud, kuma duk a kan ciki da larurar mata suka fi amfani da ita. A 2014 masu tonon tarihi sun wallafa binciken da suka yi a wani wuri da ake kira Al Khiday a bakin Farin Nilu a Sudan, suka duba dattin da ya daskare a haƙoran mutanen da aka binne a wurin, suka gano cewa mutanen suna cin 'ya'yan aya-aya tun sama da shekara 7000 da suka wuce.

Ita aya, Cyperus esculentus, ba sai an yi dogon bayani ba, furenta rawaya ne, 'ya'yanta ɗaiɗai suke a ƙarshen saiwa kuma zaƙi gare su. Abinci ce, zan zo kanta a gaba.

Mataki na biyu, saye

Nan ne mutane da yawa suke yin ɓarna ba su sani ba. In ka shiga wurin masu kayan yaji da saiwoyi a Terminus ko 'Yan Kwalli za ka samu kajiji iri biyu, akwai ɗanye wanda aka tono aka busar kawai, akwai kuma wanda masu turare suka riga suka jiƙa da madarar turare ko suka soya da suga, wani har da kala. Na biyun nan ba a shan sa sam, ba a sirace da shi, ba a sa shi a baki, domin turaren kwalba ba abin shiga ciki ba ne. Saboda haka ka buɗe baki ka tambaya, “Baba, wannan na sha ne ko na turare?” Mai gaskiya zai ce maka “A'a ɗana, wannan an sa masa turare, ga ɗanyen can a buhu.” In matar da ke sayarwa ce ka ce “Hajiya a ba ni wanda ba a taɓa ba.” Ba abin kunya ba ne.

Sannan kar ka sayi gari in dai kana da halin sayen saiwar, domin gari ba ka san me aka haɗa a ciki ba, kuma ƙamshinsa yana gudu da wuri. Ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka ce a ba ka izini ka fasa. Mai kyau yana da nauyi a hannu, yana da tauri, sai ka sa ƙarfi ko ka buga da dutse kafin ya fashe, cikinsa a cike yake ba rami, ƙamshinsa na itace da ƙasa ne mai ɗan yaji-yaji. In ka ga ƙananan huji a jiki da gari yana zubowa to ƙwari sun riga ka, in ka ga fari-fari ko kore-kore a lungun gashin ko ka ji warin ɗaki mai danshi to funfuna ce, ka ajiye ka wuce ko da kyauta aka ba ka. Funfuna tana iya barin guba a cikin abu wadda tafasawa ba ta kashewa, kuma hanta take taɓawa. Mu nan Jos da damina ke yin nauyi a Yuli da Agusta, kaya suna yin danshi a shago sosai, gara ka yi sayayyarka da rani.

In kuma da kanka za ka tona

Aya-aya kyauta ce a ko'ina, amma ba ta ko'ina ake ɗauka ba. Kar ka tona a gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa, kuma ka san yanzu da wuya ka samu gonar da ba a fesa ba, ita ma aya-ayar ai saboda ita ake yawan feshin, to ka tambayi mai gonar tukunna. Kar ka tona a bakin kwata ko inda ruwan unguwa ke gangarowa, ko gefen titi, ko kusa da garejin makanikai inda baƙin mai ke zuba. Mu da muke Filato akwai ƙarin abu ɗaya, tsofaffin kududdufan haƙar kuza da suka cika Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, ciyayi suna fitowa da kyau a bakinsu amma ƙasar wurin tarkacen haƙar ma'adinai ce, ni dai ba zan tafasa saiwar da ta fito daga can in ba iyalina ba. Ka nemi wuri mai tsafta, ka tona bayan damina ta ɗauke lokacin da ganyen ya fara bushewa domin a lokacin 'ya'yan suka ƙosa, ka bi zaren da fartanya a hankali za ka ga suna fitowa a jere. In ba ka tabbatar da tsiron ba ka tumɓuko shi gaba ɗaya da kara da fure ka kai wa wani dattijon manomi ya duba maka.

Mataki na uku, wanki da shanya da daka

Ka zuba a roba ka wanke, ka sake ruwa har sai ya daina yin ja, kana murzawa da hannu ko da sabon soso domin yashi yana maƙalewa a cikin gashin. Kar ka jiƙa ya kwana, wanki ne kawai a tsame. Gashin jikin aya-aya za ka iya kankare shi da wuƙa, ko bayan ta bushe ka ɗan babbake a kan wuta sama-sama sannan ka murje a faifai ka fece. Manyan ka daddatsa su tun suna da laushi, domin in suka bushe sai sun wahalar da kai a turmi.

Shanya a kan faifai ko tsaftatacciyar tabarma, a ɗaga daga ƙasa saboda kaji da ƙura. Ranar safe ta ishe shi, in rana ta take ka mayar inuwa inda iska ke kaɗawa, domin ƙamshin a cikin ɗan man da ke cikin saiwar yake, zafi mai yawa yana korar sa. Da hunturu kwana kaɗan ya isa, alamar ya bushe ita ce in ka karya ya yi ƙas ba ya lanƙwasa. Daga nan ka raba biyu, kaso mai yawa ka bar shi a yadda yake ka zuba a kwalba mai murfi, ɗan kaɗan ka daka a turmin da ba na barkono ba ka tankaɗe da rariya mai laushi. In za ka kai inji ka tuna injin unguwa ya niƙa komai kafin naka, turmi ya fi. Garin ka yi wanda zai ƙare cikin wata ɗaya ko biyu, ka rubuta suna a jikin kwalbar, ka ɗora inda yara ba sa kaiwa. Leda ba ta da kyau wajen ajiya, tana tara gumi.

Mataki na huɗu, na ciki

Wannan shi ne babban aikinsu, kuma a nan ne gargajiyar ƙasashe da yawa ta haɗu. Kumburin ciki bayan cin abinci mai nauyi, iska da ta ƙi fita, yawan gyatsa, ɗan murɗa, tashin zuciya mara tsanani, rashin jin daɗin baki bayan an tashi daga zazzaɓi. Ga yadda ake yi. Ka ɗauki dakakkiyar saiwar kajiji ko aya-aya, ba sai ta yi laushi ba, cokalin shayi ɗaya a shafe, ka zuba a ruwa kofi biyu, ka rufe tukunyar, wannan rufewar tana da muhimmanci domin in ka bar ta a buɗe amfanin yana bin tururi, ka bar shi a ƙaramar wuta kamar minti goma zuwa sha biyar, ka sauke ka bar shi a rufe ya huce kaɗan, ka tace. Ka sha rabi bayan abincin rana rabi bayan na dare. Yana da ɗaci musamman aya-aya, za ka iya jefa 'yar citta da kanumfari biyu ko uku a tukunyar, ka sa zuma bayan ya huce. Mai olsa ya bar cittar, kuma kar ya sha da yunwa.

A kan ma'auni, masu maganin gargajiya na Sin sun tsayar da gram 6 zuwa 10 na busasshiyar aya-aya a rana in dafawa za a yi, na Indiya kuma gram 3 zuwa 6 in gari ne, wato garin bai wuce kamar cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ba a yini ga babban mutum. Ka ga ke nan masu cewa a cika tukunya a dafa a zuba a jarka a riƙa sha maimakon ruwa ba su da madogara. Ka fara da kaɗan ka ga yadda jikinka ya karɓa, jiki magayi. Wanda ka dafa yau ka shanye yau, kar ya kwana. Kuma kwana uku zuwa biyar ne, in ciki bai daidaita ba to abin ya wuce na kajiji. Aya-aya tana ɗan ɗaure ciki, mai fama da taurin bayan gida ya kula.

Saboda wannan ɗaurewar ne ake ba da ita a kan gudawa, kuma ga babba mai gudawa mara tsanani ba laifi. Amma dan Allah a ji wannan da kyau, abin da ke kashe mai gudawa ƙarewar ruwan jiki ne, kuma ba saiwar da ke mayar da ruwa. Ruwan gishiri da suga shi ne gaba da komai, ko ka sayi na ƙunshi a kemis ko ka haɗa a gida, ruwa mai tsafta lita ɗaya, suga cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 kamar yadda ake bayarwa a asibiti, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In akwai jini ko majina a bayan gida, ko zawo yana zuba fari tsararo ba tsayawa, ko amai ya hana komai zama, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ba maganar dafa saiwa, a ɗauki mutum a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne.

Mura da toshewar hanci

Sirace ake yi. Ka daddaka kajiji kamar cikin tafin hannu, ka tafasa a ƙaramar tukunya a rufe, in kana da na'a-na'a ko ganyen turare ka jefa a ƙarshe, ka sauke ka ajiye a ƙasa inda ba za ta goce ba, ka jira tururin farko mai ƙuna ya wuce, sannan ka lulluɓa da zani ko bargo ka sunkuya da ɗan nisa kana shaƙa a hankali, ido a rufe, minti biyar zuwa goma. Yana sassauta majina ya buɗe hanci ka samu ka yi barci, iyakar aikinsa ke nan, mura kuwa da kanta take tafiya cikin mako ɗaya ko makamancin haka. Bayan ka gama kar ka fita cikin iskar Jos da gumi a jiki, ka goge ka sa rigar sanyi. Ƙananan yara ba a yi musu sirace da tukunyar tafasasshen ruwa, motsi ɗaya ya isa ruwan ya kife a cinyarsu, kuma ƙunar ta fi murar muni nesa ba kusa ba.

Tarin da ya kai mako biyu, ko mai fitar da jini, ko mai haɗe da rama da gumin dare, wannan gwajin tibi, wato tarin fuka, yake buƙata, kuma gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Zazzaɓi ma haka, a yi gwajin maleriya tukunna, sanyin garin nan bai hana sauro ba.

Hayaƙi

Ana jefa ƙwaya biyu ko uku a kan garwashi a kasko a turara ɗaki, yana kore warin danshi, yana rage sauro na ɗan lokaci, tsofaffi kuma suna cewa yana kwantar da hankali ya kawo barci. Wannan maganar tana da ɗan tushe, domin masu bincike a Kamaru sun gwada ruwan saiwar kajiji a kan ɓeraye suka ga yana sa su barci yana kuma rage musu jijjiga. Amma gwajin ɓera daban mutum daban, kar wani ya ji wannan ya ajiye wa mai farfaɗiya maganinsa na asibiti ya koma kajiji, haɗari ne babba.

Abin da nake so in ja kunne a kai shi ne garwashin. Da sanyi mutane suna rufe ƙofa da taga ruf su bar kaskon gawayi a ɗaki su kwanta, gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Ka turara ɗakin taga a buɗe, hayaƙi ya lafa, ka fitar da kaskon waje sannan a shigo a kwanta. Ɗakin da jariri yake ko mai asma, a bar hayaƙin gaba ɗaya, a turara kayan sawa a waje in ana son ƙamshin.

Baki da haƙori

Ruwan da ka dafa na ciki, in ya huce za ka iya kurkure baki da shi safe da dare saboda warin baki da dasashi mai ɗan kumburi, ko ka tauna ƙaramar ƙwaya ka tofar. Masu binciken Sudan ɗin nan sun lura cewa wasu daga cikin mutanen wurin haƙoransu ba su ruɓe sosai ba, suka yi zaton aya-aya ta taimaka, domin a ɗakin gwaji an ga tana hana ƙwayar cutar da ke cin haƙori yaɗuwa. Ka haɗa da asuwaki ko buroshi, kogon haƙori kuwa sai likitan haƙori.

Ɓangaren mata

Yar uwa, ciwon mara na lokacin al'ada yana cikin abin da aka fi sanin aya-aya da shi, a Sin ma kusan a nan ta fi suna. Ki dafa kamar yadda na faɗa a sama, cokalin shayi ɗaya a kofi biyu, da 'yar citta, ki fara sha kwana ɗaya ko biyu kafin ranar da kike sa rai, ki ci gaba kwana biyun farko, ki ɗora tsumma mai ɗumi a marar. Amma tunda abu ne da ake amfani da shi wajen motsa al'ada, mai ciki kar ta sha, wadda take zaton tana da ciki ma kar ta sha, in al'ada ta yi jinkiri a fara yin gwajin ciki kafin a dafa komai. In jini yana zuba da yawa da gudaji, ko ciwon yana kayar da ke duk wata har ba kya iya tashi, ki je a yi miki hoto a duba mahaifa, akwai abubuwan da shayi ba ya taɓawa.

Mai jego ana haɗa mata turaren tsuguno da kajiji, ana kuma sa shi a ruwan wanka saboda ƙarni. Na wanka ba matsala in ruwan ɗumi ne mai daɗi. Tsuguno kuwa a jira ɗinki ya warke in an yi ƙari ko tiyata, garwashi ya zama kaɗan, kujerar ta yi nisa da wuta, kuma ba a cusa gari ko wani haɗi a gaba ko waye ya ce. In ruwa mai wari yana fita ga zazzaɓi ga ciwon mara bayan haihuwa, cuta ce ta shiga, turare zai rufe warin ne kawai ita kuma tana ci a ciki. Sannan iyaye mata, don girman Allah a rage kanwa a kunun mai jego, likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura tana haki in ta kwanta, asibiti za a kai ta. Jariri kuma kafin wata shida nono kawai, ba jiƙo ba tsimi ba ruwan kajiji, ko Goggo ce ta kawo a ba ta haƙuri cikin ladabi.

Akwai kuma man aya-aya da matan Larabawa suke shafawa bayan sun cire gashin hammata ko na ƙafa don ya rage saurin fitowa, yanzu ya shigo shagunan kayan mata a nan ma. In za ki gwada ki fara ɗiga kaɗan a cikin hannu ki bar shi ya kwana, in bai yi ja ko ƙaiƙayi ba sai ki ci gaba, kuma shafawa ne kawai, ba a sha.

Ita kuma aya

Aya abinci ce mai kyau, tana da dusa mai yawa wadda ke sa bayan gida ya yi laushi, tana da mai mai kyau, har a Sifen a yankin Balensiya suna yin irin kununmu da ita. In za ka yi kunun aya ka tsince duwatsu da ruɓaɓɓu, ka wanke sosai, busasshiya ka jiƙa ta kwana, ka zubar da ruwan jiƙon ka sake ɗauraye, ka markaɗa da dabino da kwakwa da 'yar citta, ka tace da kyalle mai tsafta. Ruwan da za ka tace da shi ya zama wanda ka yarda da shi ko ka tafasa ya huce, domin kunun aya ba a dafa shi, duk abin da ke cikin ruwan cikinka zai tafi. Yana saurin lalacewa, in babu firij ko an ɗauke wuta awa kaɗan ne ya fara tsami da kumfa, in ka buɗe gora ta yi tus to ka zubar. Wanda bai saba ba ya fara da kofi ɗaya saboda tana kawo iska a ciki, mai ciwon suga kuma ya tuna dabino da sugan da ake zubawa. Maganar ƙarfin maza da ake ta yi a kanta, gwaje-gwajen galibi a kan ɓeraye aka yi su, ka sha don gina jiki, amma wanda ke da matsala ta gaske ya je a auna masa suga da hawan jini domin sau da yawa daga nan abin yake farawa.

Waɗanda za su yi hattara

Bayan mai ciki da jarirai, mai ciwon ƙoda ko hanta ya nisanci duk wani jiƙo sai da izinin likitansa. Mai shan maganin suga, hawan jini, farfaɗiya, maganin barci ko na tsinka jini ya tambaya kafin ya haɗa, kuma kar ya ajiye nasa. Wanda aka sa wa ranar tiyata ya daina sha tun mako biyu kafin ranar. In ka sha ka ga ƙuraje, ƙaiƙayi, jiri ko kumburin leɓe ka tsaya nan take.

Haɗin kwalba da ake tallatawa a mota da lasifika ana cewa akwai kajiji a ciki, ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da ranar lalacewa da jerin abin da aka zuba, in babu ka bar musu kayansu. Ita lambar ma ba ta nufin duk abin da mai talla ya lissafo gaskiya ne.

In kuma ta kai ka ga zuwa asibiti, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ne ko Plateau Specialist ko ƙaramin asibitin unguwa, ka ɗauki 'yar ƙwayar saiwar a leda ka tafi da ita, ka ce “Likita, ga abin da nake sha, cokali kaza, yau kwana kaza.” Mutane suna ɓoyewa don tsoron faɗa, alhali wannan bayanin yana taimaka masa ya san maganin da zai rubuta da wanda zai guje wa, musamman in za a duba ƙoda ko hanta ko za a ba da maganin barci kafin aiki.